Amsar Da Direba Ya Riƙe Wa Mai Tabarau

Ginin da nake haya a cikinsa hawa shida ne, liftarsa kuwa tsohuwa ce, irin wadda ba ta motsi sai da mutum a ciki yana riƙe da mariƙi. Ƙofarta ta ƙarfe ce mai naɗewa kamar raga. Tana ɗaukar mutum takwas idan babu mai tumbi, bakwai idan akwai. Wanda yake jan ta kowa Direba yake ce masa. Masu tsokana sukan ce direban da bai taɓa shan kwana ba, shi kuma ya ce, "Kuma ban taɓa ɓatan hanya ba."

Ni ofishin aika saƙo nake da shi a hawa na huɗu. Kwali, ambulan, ƙunshi, duk abin da mutum yake so a kai wa wani, mu muke kaiwa. Saboda haka na fi kowa hawa da sauka a ginin, na kuma fi kowa sanin ƙeyar Direba. Ƙeya na ce, don haka aikin yake. Yana zaune a kan wata doguwar kujera a kusurwar dama, fuskarsa na kallon ƙofa, mu ma da muke bayansa duk ƙofar muke kallo. Akwai waɗanda suka daɗe a ginin nan da za su wuce shi a titi ba su gane shi ba.

Abin da na sani na rayuwarsa a gutsure na tattara. Ya bar makaranta da wuri. Ya yi kwandasta, ya yi dakon kaya a wani sito har bayansa ya ƙi, sannan wani ɗan'uwan matarsa ya samo masa wannan kujera. Matar ta rasu. Yana da 'ya'ya biyu maza, kowanne a wani gari mai nisa. Sukan kira shi a waya su ce, "Baba, lafiya dai?" ya ce lafiya lau, su ce to madalla, a kashe. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan wani garejin gyaran mota. Na taɓa kai masa magani da zazzaɓi ya kwantar da shi, na ga ɗakin: katifa, risho, ƙusa uku a bango da riga uku, sai kwalin littattafai da ya ɗora a kan bulo biyu don kada damshi ya taɓa.

Littattafan tara ne, na ƙirga. Na farkon wani ne ya manta da shi a lifta. Direba ya ajiye shi ƙarƙashin kujera yana jiran mai shi, mai shi bai dawo ba. Wata rana da babu mai hawa ya buɗe, sai ya faɗa kan wani zane: mutum a tsaye cikin rufaffen akwati, ga igiya a sama tana jan akwatin.

"Na ce wannan ai ni ne," in ji shi. "Wa ya sa ni a littafi ba a gaya mini ba?"

Ya je ya sayi ƙamus, ya fara bin shafin kalma-kalma da ɗan Turancinsa na firamare. Littafin irin waɗanda masana kimiyya suke rubuta wa mutanen gari ne, babu lissafi, sai misali da zane. Abin da shafin yake cewa shi ne, mutumin da ke cikin rufaffen akwati ba shi da hanyar da zai gane ko ƙasa ce take jan sa, ko kuwa akwatin ne ake fizga sama da gudu mai ƙaruwa a can sararin da babu komai. Duka biyun iri ɗaya zai ji su a tafin ƙafarsa. Direba ya ce tun ranar da ya fara aikin yake jin wannan nauyi a gwiwarsa duk sanda ya tayar da lifta, bai taɓa sanin cewa manyan mutane sun zauna sun ɓata dare da rana a kansa ba.

Sauran takwas ɗin a wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi ya samo su, ɗaya bayan ɗaya. Akwai na taurari, akwai na ƙwayar zarra, akwai na haske, akwai mai bayanin yadda sararin samaniya ya faro. Biyu ba su da bango. Ɗaya ruwa ya taɓa shi har ya kumbura ya ninka kaurinsa.

To, wanda ya karanta irin wannan abu bakinsa ƙaiƙayi yake yi. A gida kuwa babu kowa sai risho. Don haka ya juyo kanmu.

Sai dai hira a lifta tana da iyaka. Tsakanin hawa da hawa jimla biyu ce take shiga idan ba a yi tari ba, na auna da kaina. Direba ya gane haka tun kafin ni, ya zauna ya yayyanka littattafansa daidai da tsawon tafiyar kowa, kamar yadda tela yake yanka yadi. 'Yan hawa na ɗaya ba su da rabo, don yawancinsu matakala suke bi. Lauyoyin hawa na biyu suna da jimla huɗu.

"Ranka ya daɗe, hasken ranar nan da ka shigo da shi a kafaɗa, minti takwas ya yi a hanya kafin ya same ka."

"To, Allah ya huta gajiyarsa," in ji lauya, idonsa a kan waya.

Telolin hawa na uku suna da jimla shida. Su ya gaya wa cewa ƙarfen da ke cikin jinin mutum a cikin tauraro aka dafa shi. Babban telan ya ce, "Shi ya sa kullum nake jin zafi, ashe ban huce ba." Suka yi dariya suka fita, maganar ta mutu a nan.

Ni ina da takwas. Ni aka hura wa balan-balan mai ɗige-ɗigen biro, aka nuna mini yadda kowane ɗigo yake nisa da kowane ɗigo idan ana hurawa. Ya ce haka manyan gungun taurari suke yi, sararin da ke tsakaninsu ne yake buɗewa. "Kuma duk ɗigon da kika tsaya a kai, Mai Saƙo, gani za ki yi ke ake gudu." Na ce ikon Allah, na ɗauki kwalayena na fita, don mota tana jira.

Hawa na biyar sito ne, babu mai zuwa. Manajan ginin ya sha gaya masa, "Direba, tuƙi aka ɗauke ka, ba lacca ba." Ya ce to, ranka ya daɗe, ya yi shiru kwana biyu, ya ci gaba.

A hawa na shida mutum ɗaya ne kawai, Mai Tabarau. Tsoho ne siriri, gajere, kullum da jakar fata a hammata. Yana gwada ido, yana yanka gilashi, ba ya yarda da komai sai ya sa a ma'auni. Shi kaɗai yake da jimla goma sha biyu, safe da yamma. Kuma shi kaɗai ne a duk ginin yake mayar da magana.

Da safe zai shigo ya tsaya a hagun kujera, ya fuskanci ƙofa, ya ce, "Shida, Direba, in ka san hanya."

"Likita, ka san agogon shagonka ya fi nawa sauri?"

"Ni ba likita ba ne. Kuma agogona lafiyarsa ƙalau."

"Ba lalacewa ba. Duk abin da ya fi nisa da ƙasa, lokacinsa ya fi gudu. Kai da kake wuni a sama ka fi mu saurin tsufa."

"Ƙarya kake."

"Wallahi a littafi yake."

"Da nawa na fi ku?"

"Kaɗan ne ƙwarai. Ko ƙiftawar ido bambancin ba zai kai ba, ko da ka shekara dubu a can."

"To ka ce mini matakalar gidana ce ta tsofar da ni, ka bar agogo ya huta."

Nan nake sauka. Kullum ƙarshen faɗan nasu yakan wuce ni, ina jin muryoyinsu suna hawa sama ta cikin ramin lifta, ɗaya na cewa ƙarya, ɗaya na rantsuwa.

Akwai ranar da Mai Tabarau ya zo da sikelin gwada nauyi daga gidansa, don ya ƙaryata maganar cewa nauyin mutum yana ƙaruwa idan lifta ta tashi. Ya ajiye a ƙasa ya hau. Direba ya ja mariƙi, allurar ta yi tsalle gaba sannan ta dawo. Da za a tsaya ta yi baya. Mai Tabarau ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, ya ce, "Sikelin nan dama tun da jikata ta taka shi bai ƙara faɗin gaskiya ba." Washegari ya zo da wani. Shi ma haka. Amma ranar ya kawo wa Direba tabaran karatu a cikin gidansa na roba, ya ajiye a kan kujera ya ce, "Ungo, ka daina matse ido kamar mai neman allura. In za ka yi mini ƙarya, ka karanto ta daidai."

Abin da ya fi ba ni mamaki, mutanen nan biyu ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Ba su taɓa shan ko ruwa tare ba. Babu wanda ya san gidan wani. Na ce wa Direba, "Baba, ka hau shagonsa mana lokacin hutun rana ku yi hirarku a tsanake." Ya ce, "In bar wa wa lifta?" Na gaya wa Mai Tabarau shi ya sauko. Ya ce, "In zauna a ina, a cinyarsa?" Haka na ƙyale su.

Ranar da aka yi tambayar da ta kama Direba ina ciki har sama, don ina da ƙunshin gilasai da zan kai shagon. Direba yana ta bayanin yawan taurari, wai sun fi ƙarfin ƙirga, duk inda aka juya madubin hangen nesa sai an tarar da su. Muna wuce hawa na biyu Mai Tabarau ya katse shi.

"Tsaya. Mutum in yana tsakiyar kurmi, duk inda ya duba me zai gani?"

"Itace."

"Ko da itatuwan suna nesa da juna?"

"In dai kurmin da girma, dole idonsa ya faɗa kan wani."

"To in taurarinka sun kai yawan da kake faɗa, duk inda na ɗaga ido ya kamata ya faɗa kan tauraro. Sama gaba ɗaya ta zama wuta. Me ya sa dare yake da duhu?"

Lifta ta tsaya a shida, Direba bai ma naɗe ƙofa ba, sai da Mai Tabarau ya ƙwanƙwasa ƙarfen da zobensa.

"Yau na kama ka," in ji tsohon, baki har kunne. "Je ka tambayo malamanka. Ina jira."

Da yamma Direba ya ce masa a ba shi lokaci. Washegari Mai Tabarau bai zo ba. Ranar da ta biyo ma haka. Shagon ya zauna a kulle.

Da farko Direba bai damu ba, cewa ya yi gara ma, ya samu sarari ya nemo amsa. Ya riƙa zuwa da littafi biyu-biyu, yana buɗawa tsakanin fasinja da fasinja, ƙamus a cinya, tabaran a karan hanci. Lauyoyi suka huta. Teloli suka fara tambaya ko Direba ba shi da lafiya. Bai samu a na taurari ba, bai samu a na haske ba. A cikin kumburarren nan ya same ta, wajen ƙarshe, a shafukan da suka manne da juna sai da ya raba su da reza.

Ranar na shigo da safe na tarar da shi yana ta murmushi shi kaɗai.

"Na samo, Mai Saƙo."

"To gaya mini."

"A'a. Mai tambaya shi ake fara ba."

Amma mai tambaya shiru. Direba ya shiga wata ɗabi'a: duk sanda ya sauke mutum a hawa na uku ko na huɗu, maimakon ya koma ƙasa, sai ya haye har shida da lifta babu kowa, ya leƙa ta ragar ƙofa ya ga kwaɗon nan a rataye, ya sauko. Masu jira a ƙasa suka fara ƙorafi. Ya tambayi manaja, manaja ya ce ya ji an ce tsohon ba shi da lafiya, iyakar abin da ya sani ke nan. Ya tambaye shi gidan, ya ce shi ba ya bin 'yan haya gida.

Wata yamma ya tsayar da ni a hawa na huɗu bai buɗe ƙofa ba.

"Ke da kike kai kaya ko'ina, ba ki san inda yake ba?"

"Shago nake kai masa, Baba."

"Abin yana nan a wuyana. Na haɗa shi tsaf, jimla goma sha biyu, babu ragi. Kullum sai na maimaita a ɗaki don kada ya zube. In mutumin nan ya tafi yana ganin ya kama ni…" Bai ƙarasa ba, ya naɗe ƙofa.

Neman adireshi kuwa sana'ata ce. Na sauka wajen teloli, don na tuna sun taɓa yi wa 'yar tsohon ɗinki. Kira uku na yi na same ta. Ta ce ɓarin jikin babanta ne ya shanye, na dama, magana ma sai da ƙyar. Ta ce yayanta yana zuwa ƙarshen mako ya tafi da shi garin da yake aiki, can akwai asibitin da ya fi, kuma ba ta jin zai dawo shago. Na ce akwai wani abokinsa da yake so ya gaishe shi. Ta ce wane? Na ce direban lifta. Ta ce, "Au, maƙaryacin nan? Yi haƙuri, haka Baba yake kiransa. Kullum sai ya ba mu labarinsa a kan abinci. Ku zo."

Na gaya wa Direba wannan. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

Ranar hutunsa na ɗauke shi a motar ofis da rana. Ya sa mafi kyau a cikin riguna ukun nan, ya riƙe kumburarren littafin a leda. Duk hanya leɓensa yana motsi, yatsunsa suna ƙirga.

Gidan ƙarami ne, a tsaftace. 'Yar ta tarbe mu, mace mai fara'a, da gajiya a idonta. Ta kai mu ɗakin. An jingina tsohon da matasai uku a kan gado, hannun dama a kwance kan bargo kamar ba nasa ba, gefen bakinsa ya ɗan zame. Ta jawo kujera ta ajiye dab da gadon, tana fuskantarsa, ta ce wa Direba, "Baba, zauna nan ku ga juna sosai."

Direba ya zauna. Suka dubi juna. Ina jin ranar ce farkon da suka yi wa juna kallon ido da ido.

"Sannu, Likita. Ya jiki?"

Tsohon ya gyaɗa kai.

"Allah ya ƙara sauƙi."

Ya sake gyaɗa kai.

Shi ke nan. Fanka tana juyi. 'Yar ta kawo ruwa a kofi biyu, ta fita, ta dawo ta tarar da mu yadda ta bar mu. Na ce shagon yana nan lafiya, teloli suna gaisuwa. Direba ya ce ƙwarai suna gaisuwa. Ya juya ledar littafin a cinyarsa, ya juya ta kuma. Na zungure shi da gwiwar hannu. Ya gyara murya ya ce, "Dama maganar nan ta dare…" Ya ɗaga ido ya ga fuskar tsohon tana kallonsa, bakin nan a karkace, sai maganar ta maƙale. Ya ce, "Dare dai akwai sauro a unguwar nan?"

'Yar ta ce da sauƙi, suna da gidan sauro.

Mai Tabarau ya kawar da kai wajen taga. Shi ma na ga kunya yake ji, ta jikinsa, ta yawun da 'yar take goge masa. Mutum biyu da suka saba cika ramin lifta da hayaniya, ga su da ɗaki guda da yini guda a hannu, sun rasa ta inda za su kama.

Can Direba ya miƙe. "To, bari mu koma, kada mu gajiyar da shi. Allah ya ba da lafiya."

Raina ya ɓaci, amma me zan ce a gidan mutane? Na ɗauki jakata. Ya mayar da kujera jikin bango, ya juya ya fuskanci ƙofar ɗakin. Ya zamana yana tsaye daidai kan gadon, tsohon yana hagunsa, su biyun suna kallon ƙofa ɗaya.

Sai muka ji murya daga kan matasai, a daƙile, kamar ana jan ta da igiya.

"Shi… da."

Direba ya tsaya cak. Bai waiwaya ba. Na ga hannunsa na dama ya tashi ya kama saman kujerar nan, yadda yake kama mariƙi.

"Likita," ya ce wa ƙofa, "ka ce in taurari sun cika ko'ina, duk inda ido ya faɗa sai ya faɗa kan tauraro. Gaskiyarka, kuma ba kai ka fara kama mutane da wannan tambaya ba, masana ma sun daɗe tana ba su wuya. Amma ka manta abu ɗaya, itacen kurmi yana tsaye ne, shi kuwa haske tafiya yake yi. Kafin ka ga tauraro sai haskensa ya taso ya same ka. Sararin nan kuma ba tun fil'azal yake ba, yana da mafari, an ce shekara wajen biliyan goma sha huɗu. Su taurarin ma ba tun farko aka kunna su ba, kuma ba sa ci har abada. To duk wanda ya yi nisan da haskensa yake bukatar fiye da wannan lokaci, ba za ka gan shi ba. Yana nan, amma haskensa yana hanya. Kurminka yana da iyakar da ido zai kai, kuma itatuwan da ke cikin iyakar ba su isa su rufe sama ba. Wanda ya iso daga can nesa ƙwarai kuwa, buɗewar sarari ta ja shi ta miƙar da shi a hanya. Ya miƙe har ya fita daga abin da idon mutum yake kamawa. Sai da na'ura ake jin sa, kuma ta ko'ina yake zuwa. Duk gilasan shagonka in ka haɗa su ba za su nuna maka shi ba. Don haka duhun nan da kake gani, ba wai babu komai a wurin ba ne."

Na ƙirga, goma sha huɗu ya yi. Ya wuce da biyu, kuma babu hawan da ya zo ya katse shi.

'Yar tana tsaye da kofi a hannu. Sai gadon ya fara girgiza kaɗan-kaɗan, na duba na ga tsohon dariya yake yi da rabin fuskarsa.

"Ƙar… ya."

"Wallahi a littafi yake. Ga shi nan a leda."

Mai Tabarau ya yi ta kokawa da harshensa. Muka jira. Direba bai juyo ba, bai kuma taya shi ba, ya bar shi ya haɗa da kansa.

"Wan… da ke… hanya. Zai… iso?"

Direba ya daɗe yana kallon ƙofa.

"Wannan kuma sai na duba."

"Na… ka… ma ka."

"Ka kama ni. Sai na dawo."

Ya saki kujera ya fita, bai waiwaya ba, yadda mai sauka daga lifta ba ya waiwaye. A mota bai yi magana ba sai da muka kusa gareji, ya ce, "Ashe yana da tabo a goshi. Ban taɓa gani ba."

Ƙarshen mako ɗan ya zo ya tafi da mahaifinsa. Bayan ɗan lokaci aka zo aka kwashe kayan shagon, Direba ne ya sauko da su, kwali-kwali, har da allon nan mai manya da ƙananan haruffa. Yanzu wasu masu sayar da kayan waya ne a hawa na shida. Su huɗu ne, duka da abin sauraro a kunne suke shiga, da shi suke fita. Na kira 'yar sau biyu. Ta ce jiki da sauƙi amma magana ta ƙara ja baya, waya kuwa ba ya iya ta sam, in an kanga masa a kunne sai ya kawar da kai.

Direba yana nan a kujerarsa. Har yanzu yakan ba lauyoyi huɗunsu, teloli shidansu. Littattafan sun zama goma, don amsar tambaya ta biyun ba ta cikin taran, sai da ya yi ta zarya wajen masu shimfiɗa a titi kafin ya dace. Na gane ya samo ne ranar da na ga leɓensa ya koma motsi, yatsu suna ƙirga a kan mariƙi.

Na ce, "Baba, ka rubuta mana a takarda. Kai saƙo aikina ne, ko'ina garin yake zan sa a kai, 'yarsa ta karanta masa."

Ya ce, "Ba irin wadda ake aikawa ba ce. Rabinta da daɗi, rabi babu. Sai ina tsaye a gefensa."

"To ni gaya mini. Zai iso ko ba zai iso ba?"

"Wani zai iso. Wani kuwa ba zai taɓa isowa ba, komai daɗewa."

"Saboda me?"

"Wannan doguwa ce, Mai Saƙo. Ke a huɗu kike sauka, ba za ta shiga ba."

Na ce to yau ba na sauri, mu wuce har shida. Muka wuce telolin hawa na uku, na ji ƙarar kekunansu ta taso ta koma. Ya sassauta mariƙi, ya tsayar da lifta a huɗu daidai da dandamali kamar kullum, ya naɗe mini ƙofa.